Ni doguwa ce, wane keken tsere zai yi daidai da ni? Tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Tun da na fara hawan keken tsere a nan Maradi, wanga da masu gyara ke ce ma velo kurs mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, ba a kwana biyu wata ba ta tare ni da tambaya ba ko a waya ko a bakin hanya, kuma yawancin masu tambayar dogaye ne kamar ni, don tsawona santimita 181 ne. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in amsa da abin da na karanta da wanda na gwada da jikina.

Na shiga kasuwa na ce a ba ni keken mata, duk wanda aka fiddo ya yi mani kaɗan. Mu dogaye ba a yin namu ne?

Ana yi 'yar uwa, sai dai ba da wannan sunan za ki neme shi ba. A nan in kika ce keken mata abin da mai shago zai ji shi ne wanga marar sanda a tsakiya mai kwando a gaba na zuwa lakkwal ko cefane, kuma wannan daban yake da keken tsere gaba ɗaya. A can Turai da Amurka akwai keken tsere da ake rubuta ma na mata, amma asalin abin don gajerun mata aka faro shi, wata injiniya Georgena Terry a Amurka ta buɗe kamfaninta a 1985 saboda ƙananan mata ba su samun keken da ya yi daidai da su, daga baya kamfanin Trek suka fito da kekunan mata masu suna WSD, Giant kuma suka fito da nasu masu suna Liv. To matsalar ita ce girman irin waɗannan yakan tsaya tun bai iso gare mu ba, da yawansu wajen lambar girma 54 ko 56 suke ƙarewa. A 2019 ma kamfanin Specialized sun daina raba firam, wato gangar jikin keke, na maza da na mata bayan sun duba awon jikin mahaya masu ɗimbin yawa suka ga tsawon ƙafa da na gangar jiki bai bin jinsi yadda aka daɗe ana zato. Don haka ki shiga cikin kekunan da ake ce ma na maza ki nemi lambarki, babu kunya a ciki. Abin da zai bambanta ki da namiji mai tsawonki yawanci sirdi ne da faɗin kan keke, su kuwa ana kwancewa a canza.

To ta yaya zan san lambata?

Da tef ɗin tela da bango da wata 'yar uwa da za ta taimake ki. Tsawonki daga kai zuwa ƙasa yana da amfani amma abin da ya fi shi muhimmanci shi ne tsawon ƙafarki ta ciki. Ki cire takalmi, ki sa wando marar kauri, ki jingina da bango inda daɓen yake shimfiɗe ba kan rairayi ba, ki ɗan buɗe ƙafa kaɗan, sai ki ɗauki littafi mai ƙwarin bango ki sa tsakanin cinyoyinki ki tura shi sama da ƙarfi har ki ji ya danne ki kamar kina zaune bisa sirdi. Nan ne mutane ke kuskure, suna jin nauyin turawa sai awon ya rage santimita biyu ko uku, shi ke nan lissafin duk ya karkace. Ita 'yar uwar sai ta ja layi da alli ko gawayi a bango daidai saman littafin, ku auna daga layin zuwa ƙasa. Ku yi sau uku ku ɗauki na tsakiya. Kar ki yi amfani da awon wandon da tela ya rubuta maki, nashi yana barin sarari kuma a idon sawu yake tsayawa.

In kin samu lambar sai ki ninka ta da 0.65, ki sake ninkawa da 0.67, girman firam ɗinki na tsakanin amsoshin biyu. Ni tawa ƙafar 88 ce, lissafin ya ba ni 57 zuwa 59, kuma 58 nake hawa. Wata ƙawata mai tsawo 176 ƙafarta 84, ita 55 zuwa 56 ya ba ta. A dunƙule, mai tsawo 175 zuwa 180 tana yawan faɗawa 56, mai 180 zuwa 186 kuma 58, wadda ta haura haka sai 60 ko 61. Amma wannan hanya kawai yake nuna maki, hawa shi ke yanke hukunci.

Na ga keke biyu duk an rubuta 56 amma ɗaya ya fi ɗaya girma, wani kuma L kawai aka sa mashi. Mi ke nan?

Kamfanoni ba su auna iri ɗaya. Lambar asali tsawon bututun da sandar sirdi ke shiga ne, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa sama, to wasu suna tsayawa a tsakiyar sandar sama wasu suna kaiwa har bakin bututun, kin ga an samu bambancin santimita ɗaya zuwa biyu. Sannan tsofaffin kekuna irin su Peugeot da Motobécane da Raleigh sandarsu ta sama miƙe take sambal, amma tun shekarun 1990 da Giant suka yaɗa firam mai sanda gangare zuwa baya, bututun sirdi ya gajarce, sai ki auna ki ga 52 alhali keken girman 58 ne. A irin wanga sai ki riƙe tef a miƙe daidai da ƙasa, daga tsakiyar bututun wuya, wanga gajeren da ke gaba inda ake liƙa tambarin kamfani, har inda zai taɓa sandar sirdi. In ya ba ki wajen 56 keken 56 ne, in 57 da rabi ko 58 to 58 ne. Harafin L kuwa kar ki yarda da shi ido rufe, L ɗin Decathlon da L ɗin wani kamfani ba lalle su zo ɗaya ba. Ki riƙa yawo da tef ɗinki a jaka, ni haka nake yi har yau.

An ce mu mata ƙafa ke gare mu doguwa, gangar jiki gajera. Gaskiya ne, kuma in haka nake ya zan yi?

Wasu haka suke wasu ba haka ba, akwai maza ma masu wannan ƙirar. Ni dai haka nake, kuma wannan ita ce ainihin wahalar doguwar mace, ki ɗauki babban firam saboda ƙafa sai hannunki ya yi ta miƙa kamar mai ɗebo abu daga ƙasan randa, ki ɗauki ƙarami saboda hannu sai sirdi ya tashi sama kan keke ya zauna can ƙasa, wuya da baya su sha wuya. Maganin shi ne ki nemi firam mai dogon gaba amma marar nisa. A teburin awo na kamfanoni akwai lamba biyu da suke kira sitak da ric, ta farko tana gaya maki tsayin gaban keke daga tsakiyar feda zuwa sama, ta biyu tana gaya maki nisansa zuwa gaba, ke mai doguwar ƙafa kina son ta farko babba ta biyu ƙarama. Kekunan da aka ƙera don doguwar tafiya su ke da wannan ƙirar, irin Trek Domane, Specialized Roubaix, Giant Defy, Cannondale Synapse, ba na 'yan gasa zalla ba masu gaba ƙasa-ƙasa. In babu tebur, ki dubi bututun wuya, wanga gajeren da ke gaba inda ake liƙa tambarin kamfani, in ya kai santimita 18 zuwa 20 a girman 58 to alama ce mai kyau gare ki.

In kuma kin faɗa tsakanin lamba biyu, mai doguwar ƙafa ta ɗauki babbar ta gajarta wuyan keke, wato guntun ƙarfen da ya haɗa kai da keke. Na san wasu na cewa a ɗauki ƙarama kullum, shawarar 'yan gasa ce masu son kwanciya bisa keke, ba tamu ba.

Mai keke ya ce mani in saya kawai, ai sirdi ake ɗagawa. In yarda?

A'a. Wallahi wanga zance shi ya ci mani kuɗi. Kekena na farko 54 ne na alminiyam, fes da shi ja da fari, mai shi ya ce Hajiya ai ba komai sirdi za mu ɗaga maki, ya zare sandar har ta kusa fita ya ɗaure. Na hau na bi hanyar Tibiri da asuba, kafin in juyo gwiwata na ta kusan bugun hannuna in na miƙe tsaye bisa feda, wuyana ya sage saboda kan keken ya yi ƙasa da yawa, kuma ban san cewa jikin sandar sirdi akwai wani layi da aka zana da rubutu wanda bai kamata a gan shi a waje ba. Nawa layin ya fito da kusan yatsa biyu. Bayan 'yan watanni na fara jin ƙara ƙyas ƙyas in na zauna, da na duba sai ga tsaga siririya kamar gashi a bakin bututun, na kai wa mai walda ya taɓa ya ce Malama wannan alminiyam ne injina bai kama shi. Firam ɗin ya tashi aiki ke nan, taya da birki kawai na tsira da su. Allah Ya kiyaye bai karye ina bisa gudu ba.

Sandar sirdi tana son aƙalla santimita 8 zuwa 10 a cikin firam. In taki gajera ce ana samun mai tsawon milimita 350 ko 400, amma sai kaurin ya zo daidai, yawanci 27.2 ne, akwai 30.9 da 31.6, lambar na rubuce a ƙasan sandar. Kar a cusa maki gwangwani a ciki don ta kama. Kuma doguwar sanda tana gyara ƙafa ne kawai, ba ta ƙara tsawon keke ba ta ɗaga gabansa.

Ina ya kamata sirdi ya tsaya?

Ki ninka awon ƙafarki da 0.883, wannan lissafin da sunan Greg LeMond aka san shi, Ba'amurken da ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Amsar ita ce nisan tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, ni 88 ta ba ni 77.7. In ba ki son lissafi ki dafa bango ki hau, ki ɗora diddige bisa feda ki kai ta can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai ba tare da kin karkata ƙugu ba, in kika mayar da tafin gaba bisa feda za ki ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe, to nan ne. Abin da ke tsorata sababbin mahaya shi ne a wannan tsayin tafin ƙafarki ba zai sauka ƙasa kina zaune ba, kan yatsa kawai zai taɓa. Haka ake so. In za ki tsaya sai ki zamo gaba ki sauka daga sirdi, shi ya sa in kin tsaya kin sa keken tsakanin ƙafafu ya kamata a samu sararin yatsa biyu zuwa uku tsakaninki da sandar sama.

Sirdin yana ji mani ciwo sosai, in sa babba mai soso irin na keken gida?

Wannan tambayar da yawa a ɓoye suke yi mani ita, kuma bai kamata a ji kunyarta ba don ita ke sa mata da yawa su jingine keke. Babban sirdi mai laushi daɗinsa na minti goma ne, in tafiya ta yi nisa ƙashin zama ya nutse cikin soson sai soson ya taso ya danne inda bai kamata a danne ba, gefensa kuma ya riƙa gurzar cinya. Abin da kike so shi ne sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya yi daidai da ƙasusuwan zamanki biyu. Ki samu kwali irin na katan ɗin taliya ki ɗora bisa dakali ko matakala, ki zauna ki ɗan sunkuya gaba kamar minti ɗaya, in kin tashi za ki ga rami biyu, ki auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya ki ƙara milimita 20. Sirdin da ke zuwa da manyan kekuna yawanci faɗinsa milimita 143 ne ko ƙasa da haka, mata da yawa 155 ya fi karɓarsu wasu har 168, kuma mai tsaga a tsakiya yana sauƙaƙa dannewar gaba. Tsawonki bai da alaƙa da wannan awon, na ga doguwa mai 143 na ga gajera mai 168. Ki kuma tabbata sirdin a kwance yake sak, in hancinsa ya ɗaga sama ko sirdin zinariya ne sai ya cutar da ke, in ya yi ƙasa da yawa kuma ki yi ta zamewa gaba nauyi ya koma hannu.

Kan keken ya yi mani faɗi da nisa, yatsuna da ƙyar suke kama birki.

Keke 58 da kai mai faɗin santimita 42 ko 44 yake zuwa don kafaɗar namiji aka yi wa lissafi. Ki sa a auna maki daga ƙashin da ya tsiro a ƙarshen kafaɗa zuwa na ɗaya ɓangaren, ni 39 na samu na sa kai mai 40. Nisa kuma wuya ake canzawa, wanga guntun ƙarfen da ya haɗa kai da keke, in an sa mai milimita 110 ki gwada 90, santimita biyun nan za ki ji su har tsakiyar baya. Kar dai ki sauka ƙasa da 70 ko 80, keken zai riƙa rawar kai a hannunki, in sai da haka zai yi maki to firam ɗin ne ya yi yawa. Wuyan zamani ana iya juya shi ya kalli sama. Ki lura da kaurin tsakiyar kai kafin ki saya, na yanzu 31.8 ne, na da 25.4 ko 26, tsofaffin na Faransa kuwa awonsu daban ne, wuyansu 22.0 maimakon 22.2, samun kayansu aiki ne. Hannun birki na Shimano na zamani akwai ƙaramin noti ƙarƙashin robar da ake juyawa da alanki ya matso kusa da yatsa.

Na gwanjo zan saya, mi zan duba?

Kusan dukanmu na gwanjo muke saya, kuma manyan lambobi su suka fi daɗewa ba a ɗauka ba don maza ma da yawa 54 da 56 suke nema, to ki yi ciniki da ƙarfin zuciya. Abu na farko a kwance notin sandar sirdi a gabanki ki ga tana motsi, don akwai wadda ta yi tsatsa ta haɗe da firam, gare ki wannan keken bai da amfani, sannan a zare ta duka ki ga ko mai shi na da ya yanke ta. Ki shafa yatsa ƙarƙashin bututun nan biyu da suka taso daga wuya, in kin ji ƙullutu ko fenti ya tattare to keken ya taɓa karo. Ki duba ƙafar gaba mai riƙe da taya daga gefe ko ta lanƙwashe baya. Na ƙarfe ya fi nauyi amma ana gyara shi a nan, alminiyam ba laifi in babu tsaga, na kabon kuwa ni ba na ba da shawararsa na gwanjo don yana tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Giya 7 ko 8 irin Shimano Claris sarƙarta ta fi sauƙin samu bisa ga mai 11. Kuma kar ki biya sai kin hau kin yi ko minti goma, in mai shago ya hana ki bar mashi abinsa.

Taya fa? Ga ƙaya ga rairayi.

Tayar keken tsere 700 ce, a jikinta za ki ga 622. Tsofaffi wasu inci 27 ne wato 630, baƙin keken nan na iyayenmu kuma 635, duk sun yi kama a ido amma ba su shiga juna, don haka ki karanta lambar da kanki kafin a ce maki ai duk ɗaya ne. Siririya mai faɗin milimita 23 ba ta hanyoyinmu ba ce, ki sa 28 ko 32 in firam da birki sun ba da wuri, kuma in unguwarku sai kin ratsa yashi kafin ki hau gudron ki nemi irin keken da ake kira girabel, ƙirarsa ɗaya da na tsere amma yana ɗaukar taya 35 zuwa 40, awon girma kuma bai canza ba. Ƙayar tsaida da ta aduwa sai kin yi ta fama, ki riƙa ɗaukar shambar na ajiya, wato robar cikin taya, da ƙaramin famfo. Bakin shambar ɗin siriri ne ana ce mashi Presta, famfon mai faci na bakin hanya bai kama shi sai da 'yar adafta, ki saye ta ki bar ta ɗaure a taya. A bazara kar ki cika iska tam ki bar keken cikin rana.

Da zani da hijabi zan iya hawa?

Da zani a'a, sandar sama ba za ta bari ba kuma sarƙa za ta ja shi. Ni wando nake sawa mai ɗan matsewa a ƙwauri da doguwar riga iya gwiwa mai tsaga a gefe, telata ta ɗinka mani, sai ƙaramin hijabi da nake cusa bakinsa cikin riga kafin in ɗora kaske. Babban hijabi mai kaiwa ƙasa hatsari ne na gaske, yana shiga tayar baya. Akwai firam na Faransa mai sanda ƙasa da ake kira mikst, amma da wuya ki same shi a girmanmu.

Yayana yana waje zai turo mani, mi zan ce mashi?

Ki tura mashi tsawonki da awon ƙafarki da faɗin kafaɗa, ki ce Yaya don Allah kar ka ce ma mai shago na mace kake nema. In na hannu ne ya ɗauko maki hoto da tef a jikin bututun sirdi da kuma a miƙe bisa sandar sama, da hoton lambar taya, da sunan keken ki nemi teburinsa a intanet da kanki. Ya haɗo da sirdi 155 da wuya 90 da shambar uku ko huɗu a cikin katan ɗin, don tun da iyakar Benin ta samu matsala a 2023 kayan da ke bi ta Kwatano suka yi wuyar isowa, ƙananan abubuwan nan su ke ba da wahala in kin zo nema daga baya.

Na saya na gyara amma har yanzu wani wuri na ciwo.

Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, na bayan gwiwa ko ƙugu na rausaya dama da hagu ya yi sama. Tafin hannu na mutuwa da wuya na sagewa, kai ya yi nisa ko ya yi ƙasa ko hancin sirdi ya sunkuya. Ki canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, milimita 5 ya isa, ki sa alama da salatif a inda yake da farko don ki iya komawa, ki hau sau uku kafin ki sake taɓa wani abu. Mako biyu na farko ƙashin zama zai yi tsami ko da komai daidai yake, wannan yana wucewa. Amma ciwon gwiwa mai suka, ko kumburi, ko mutuwar jiki da ba ta sake ki ba bayan kin sauka, ki ajiye keken ki je ki ga likita.